Kalma 500 Kacal: Yadda Wikipedia Ta Koyi Ƙayyade Magana

Duk wanda ya kai ƙara gaban Kwamitin Raba Gardama na Wikipedia ta Turanci, abin da zai fara cin karo da shi gargaɗi ne: kada bayaninsa ya wuce kalma 500. Ko rigimar ta shekara biyar ce, ko ta bazu a shafuka ɗari, rabonsa ke nan. Abin da mamaki, domin tun farko Wikipedia da yalwar wuri take alfahari, tunda ba a kan takarda ake buga ta ba balle a ce shafi ya cika.

Ward Cunningham ne ya buɗe wiki na farko a 1995, shafin da kowa ke iya gyarawa. Da aka kafa Wikipedia ranar 15 ga Janairun 2001, sai ta gaji wannan ɗabi'a har a shafukan tattaunawa, inda editoci ke warware saɓani. A can babu shugaban taro, babu mai cewa lokacinka ya ƙare. Ana muhawara ne har a kai ga matsaya. Ba a daɗe ba aka gano raunin tsarin: mai lokaci da yawa yana iya amsa wa kowa, ya maimaita hujja ɗaya sau goma, har abokan gardamarsa su gaji su watse, shi kuma ya ɗauki shirunsu a matsayin amincewa. Editoci har suna suka raɗa wa irin wannan dogon jawabi, suna kiransa katangar rubutu.

A Disamban 2003 Jimmy Wales ya kafa Kwamitin Raba Gardama, wanda ya fara sauraron ƙararraki a 2004. Mambobinsa 'yan sa-kai ne da editoci ke zaɓa, ba a biyan su ko sisi, kuma kujerunsa 15 ne a yau. Su ne dole su karanta duk abin da aka gabatar kafin su hukunta wani. A nan aka fahimci cewa abin da ke ƙarewa shi ne lokacin mai karatu. Sannu a hankali ƙa'idojin suka zauna. Bayanin neman a karɓi ƙara, kalma 500. A matakin shaida, wanda shari'ar ta shafa yana da kalma 1,000 da mahaɗa 100 masu nuna gyare-gyaren da yake kafa hujja da su, ɗan kallo kuma kalma 500 da mahaɗa 50. Aka ɗora wa akawunan kwamitin, su ma 'yan sa-kai, aikin tabbatar da an bi.

Kotunan Amurka sun riga Wikipedia shiga wannan matsala. Shekaru da dama da shafi suke ƙayyade tsawon takardun lauyoyi, lauyoyi kuwa suka ƙware wajen ƙanƙanta haruffa da matse gefen takarda. A 1998 dokokin kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya suka koma ƙidayar kalmomi, aka tsayar da 14,000 ga babbar takardar hujja. Shekara guda bayan haka, a shari'ar DeSilva da DiLeonardi, kotun ɗaukaka ƙara da ke Chicago ta tarar da takardar da ta zarce iyaka alhali lauyoyi sun tabbatar da cewa ba ta zarce ba. Manhajar Microsoft Word ce ta tsallake bayanan ƙasan shafi wajen lissafi. Darasin a fili yake: kafa iyaka abu ne mai sauƙi, amma sai an amince da abin da ake ƙidayawa da kuma abin da ke ƙidayar.

A wiki tambayar ta fi haka sarƙaƙiya. Rubutun da edita ke shigarwa cike yake da alamomin tsarawa da adireshin mahaɗa, waɗanda mai karatu ba ya gani. Wanne za a ƙidaya, ɗanyen rubutun ko wanda ya bayyana a allo? Ina matsayin sa hannu da kwanan wata? Jimlar da mutum ya ja wa layi ya janye ta fa, ko maganar wani da ya kwafo domin ya musanta ta? Hanya biyu ta lissafi tana iya ba da adadi biyu ga bayani ɗaya, sai a bar asalin rigimar a koma gardama kan lissafin.

Saboda haka aka juya ga kwamfuta. An yi amfani da bot, wato manhaja mai aiki da kanta, da ke zagaya shafukan shaida tana bayyana yawan kalmomi da mahaɗan kowane mutum. Editoci sun rubuta ƙananan shirye-shirye da harshen JavaScript masu nuna adadin a gefen kowane sashe. Daga 2013 kuma, da aka ba da damar rubuta shirye-shirye da harshen Lua a cikin shafukan Wikipedia, ya zama shafi yana iya ƙidaya kalmomin da ke cikinsa.

Sai dai duk waɗannan ƙidaya suke yi, ba sa hana kowa adana rubutunsa. Dalili na farko yana cikin ginin manhajar MediaWiki. A wurinta shafin tattaunawa dunƙulen rubutu ne guda, ba ta san inda maganar wannan ta tsaya ta wancan ta fara ba, sai dai a bi sa hannu da lokacin da ke ƙarshen kowane jawabi. Yunƙurin sauya wannan gini da tsarin Flow bai karɓu a Wikipedia ta Turanci ba. Abin da ya sauƙaƙa lissafi a gaban kwamitin tsohuwar ƙa'ida ce mai kama da ta kotu: kowa yana da sashensa mai ɗauke da sunansa, ba a shiga sashen wani a mayar masa da martani.

An ga muhimmancin wannan a ƙarshen 2024, lokacin da kwamitin ya ƙayyade wa kowane edita kalma 1,000 a kowace muhawara ta hukuma kan maƙalolin rikicin Falasɗinu da Isra'ila. A irin wannan muhawara maganganu a cakuɗe suke, amsa a ƙarƙashin amsa. Kafin a ce wani ya zarce, sai an tsinto jawabansa ɗaya bayan ɗaya an haɗa, kuma sa hannu ɗaya da aka manta ya isa ya ɓata lissafin.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, domin adalci ya shafa. Idan mutum goma suka zargi mutum ɗaya, kowannensu da kalma 500, wanda ake zargi yana fuskantar kalma 5,000 da 500 ɗinsa. Wanda Turanci ba harshensa na gado ba ne sau da yawa yana buƙatar jimla uku inda ɗan harshe zai yi amfani da ɗaya. Ita kanta kalma ba ma'auni ɗaya ba ce a ko'ina. Hausa tana rubuta "ya" da "ta" da "suna" a ware, abin da Larabci kan manne a jikin aikatau, Sinanci kuwa ba ya barin sarari tsakanin kalmomi. Manhajar da za ta rufe ƙofa a kalma ta 501 ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Don haka aka raba aikin gida biyu. Manhaja ta faɗi adadi, wanda kowa ke iya dubawa, ta yadda ba za a zargi akawu da son kai a lissafi ba. Akawu ko ɗan kwamiti kuma ya yanke abin da za a yi: ya nemi marubucin ya rage da kansa, ko ya datse abin da ya zarce, ko ya ba da ƙari. Har yau, editan da ya ga kalma 500 ba za su ishe shi kare kansa ba yana rubuta wa kwamitin ne ya nemi ƙari, ya faɗi dalilinsa, sannan ya jira amsa.