Tarihin Maɗin Mapul a Ƙasashen Sanyi

Tun kafin jiragen Turawa su sauka gaɓar Amurka ta Arewa, al'ummun asali na wannan nahiya, irin su Ojibwe da Abenaki, sun riga sun fahimci cewa bishiyar nan da ake kira mapul, wadda takan tsaya ba ganye a cikin hunturu kamar ta mutu, tana ɗauke da wani ruwa mai ɗan zaƙi, wanda ba ya zubowa sai a ƙarshen sanyi, sa'ad da dare ke daskarar da ruwa, rana kuma ta narkar da shi. Sukan sari jikin itacen, su kafa ɗan kara, su tari abin da ya ɗiga a cikin ƙoƙon ɓawon itace, sa'an nan su dafa har ya zama sukari. Daga hannunsu ne Faransawa da Ingilishi suka karɓi sana'ar, suka ƙaro mata tukunyar ƙarfe da mahudi, wanda ba ya raunata bishiya kamar gatari.

Aikin kuwa sai mai haƙuri, domin zaƙin ruwan wajen kashi 2 ne cikin 100, sai an ƙone kimanin lita 40 kafin a sami lita guda ta maɗi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu dafa mazarƙwaila ya san irin itacen da wannan zai ci.

Amma babin da ya fi ban sha'awa a tarihin shi ne zamanin da sukarin mapul ya shiga muhawarar bauta. Da yake sukarin rake na tsibiran Karibiyan da gumin bayin da aka kwaso daga Afirka ake yinsa, masu ƙin bauta suka ga akwai shubuha a shansa, har a shekarar 1791 wani likita na Filadelfiya, Benjamin Rush, ya rubuta wa ɗan siyasar Amurka Thomas Jefferson risala yana bayyana fa'idar mapul, bisa fatan iyalai su wadatu da sukarin da suka dafa da hannunsu. Jefferson, wanda shi kansa ubangijin bayi ne, ya dasa itatuwan a gonarsa ta Monticello, ba su kuwa yi albarka ba. A ganina niyyar ta fi lissafin ƙarfi, gama bishiyar da sai ta kusa shekara 40 kafin a huda ta, kuma ba ta bayarwa sai mako 4 zuwa 6 a shekara, ba za ta iya karawa da rake a kasuwa ba.

Da sukarin rake ya yi araha a ƙarshen ƙarni na 19, sai masu sana'ar suka daina ƙafar da ruwan har ya daskare, suka tsaya a maɗi. Yau lardin Kwibek na Kanada ne ke fitar da kimanin kashi 70 cikin 100 na maɗin mapul na duniya, da bututan roba masu ratsa daji. Duk da haka mai bishiya biyu ko uku a bayan gida har yanzu yakan huda, ya rataya bokiti, ya hura wutarsa a waje saboda kada tururi ya ɓata masa bangon ɗaki, ya kuma zare bututun da zarar toho ya fara fitowa, domin daga nan ɗanɗanon ruwan yakan gurɓace.