Amsoshin Takardunku: Ina Asalin Kiɗan Jaz?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ya rubuto yana cewa gardama ta kaure tsakaninsa da abokansa: shin kiɗan jaz na Turawa ne ko na baƙar fata?

To Malam, jaz dai an haife shi a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka, wajejen shekarar 1900, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Tun zamanin bauta, bayi kan taru ran Lahadi a wani dandali, Congo Square, su yi kiɗa da rawa. Bayan an soke bauta a 1865, sai waƙoƙin gonar auduga masu amshi, irin yadda ake yi a gayya, suka gamu da ƙahonnin badujalar Turawa. Daga nan jaz ya tsiro.

Amma ka ji abin takaici: faifan jaz na farko, wanda ya fito a 1917, Turawa ne suka yi shi. Buddy Bolden, baƙin da ake ɗauka cikin magabatan kiɗan, ya mutu ba a sami faifansa ko ɗaya ba.

Louis Armstrong, wanda aka haifa a 1901, shi ya fito da salon mai busa ɗaya ya ware, ya ƙago sautinsa nan take. A shekarun 1930 kuma manyan ƙungiyoyin kiɗan rawa suka yi tashe, irin na Duke Ellington da Count Basie. Ellington ya yi suna a gidan rawa na Cotton Club a New York, inda baƙi ke kiɗa, Turawa ke kallo. A shekarun 1940 Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka kawo salon bibop mai sauri, na saurare ba na rawa ba. Miles Davis kuwa ya sassauto da shi, faifansa na 1959 ya zagaya duniya.

Kiɗan ya ma waiwayo gida. Armstrong ya je Accra a 1956, a 1960 kuma ya zo Nijeriya, har ya gana da Sardauna a Kaduna.

Saboda haka Malam, ka gaya wa abokanka: yawancin kayan busar na Turawa ne, amma masu kiɗan na asali danginmu ne. Da fatan gardama ta ƙare. A gaida mutanen kasuwa.