Annabiya Hulda da Zumuntar Mata a Ƙasar Malumfashi da Funtuwa

Cikin annabawa mata na Littafi Mai Tsarki, irin su Maryamu da Debora da Hannatu, Hulda ce ta fi jan hankalinmu. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, wajen 622 kafin haihuwar Almasihu, aka tsinci littafin shari'a a Haikali. Sarki ya tashi manyan mutanensa, har da babban firist Hilkiya, su nemo nufin Ubangiji. Ko da yake Irmiya ya riga ya fara annabci, wurin Hulda suka nufa, matar aure wadda ba ta da rawani.

To, a ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Malumfashi da Funtuwa, inda mata suka daɗe da faɗa a ji cikin sha'anin bori, bishara ta tarar da mace mai murya. Ekklesiyar ECWA, wadda aka kafa a 1954, ba ta naɗa mata fastoci, amma Zumuntar Mata ce ke ɗauke da waƙa da ziyarar marasa lafiya da tarbiyyar yara. Tambayarmu ga wannan taro ita ce: dattawa kan aika neman shawararsu yadda Yosiya ya yi, ko sai ranar girkin baƙi ake tuna su?