Daga Matsarmama Zuwa Ƙwaƙwalwa: Tarihin Sinadarin CCK



Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar rago ranar Babbar Sallah a Toranke ya san inda mai wuƙa ke nutsuwa: idan ya zo kan hanta. Akwai 'yar koriyar jaka manne da ita, matsarmama, in ta fashe nama ya yi ɗaci. Muna yara mun ɗauka ɓata nama ne kaɗai aikinta. Ashe ruwan maɗaciya take tarawa, ta matso shi cikin hanji idan an ci maiƙo. To, wa ke gaya mata maiƙon ya iso?

A 1928 wasu masana biyu a Cikago ta Amurka, Ivy da Oldberg, suka tato ruwa daga bangon ƙaramin hanji, suka yi wa karnuka allurarsa, sai matsarmama ta tsuke. Suka gane hanji ne ke sakin wani sinadari cikin jini ya kai saƙo. Suka raɗa masa suna da Girkanci, kolesistokinin, wato mai motsa matsarmama. A taƙaice CCK.

A 1943 Harper da Raper a Mancesta ta Ingila suka gano wani sinadarin hanji da ke sa fankiriyas, wani sashe da ke bayan tumbi, ya zubo ruwan narkar da abinci. Su ma suka ba shi nasu sunan, fankiriyozaimin. Sama da shekara 20 littattafai na koyar da abu biyu. Sai a 1966 Jorpes da Mutt a Cibiyar Karolinska ta Suwidin, bayan sun sha wahalar tace tulin hanjin aladu, suka nuna abu ɗaya ne aka yi wa suna biyu. Sunan farko ya tsaya, saboda shi ya riga.

Inda labarin ya fi burge ni yana gaba. A 1973 Gibbs da Young da Smith suka yi wa ɓeraye allurar CCK, sai suka rage ci, kamar sun ƙoshi. Yana cikin abin da ya sa wanda ya yi sahur da fura da nono mai kauri yake riga mai shan koko zalla ajiye ludayi, domin maiƙo da furotin ne suka fi tayar da shi. A 1975 Vanderhaeghen a Beljiyam ya ci karo da mai kama da shi a ƙwaƙwalwa, ba a jima ba aka tabbatar shi ne, kuma yana da yawa a can. A 1989 de Montigny a Kanada ya yi wa lafiyayyun mutane allurar ɗan guntunsa, wasunsu suka ji firgici da bugun zuciya ba tare da wani abin tsoro a gabansu ba.

Ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi guda ɗaya ce, tana kan kuromosom na 3. Tana samar da doguwar sarƙa mai gaɓoɓi 115, sai jiki ya yayyanka ta. Hanji ya fi fitar da dogaye, irin mai gaɓa 33 ko 58, ƙwaƙwalwa kuwa ta fi amfani da mai 8. Yadi ɗaya, ɗinki daban-daban.

Na san abin da wasunku ke shirin rubutawa a ƙasa: ai Bahaushe ya riga su, tunda yana cewa farin ciki, baƙin ciki, zurfin ciki, cikina ya ɗuri ruwa. Ni ma na ji daɗin dacewar. Amma mu yi a hankali. Kakanninmu sun lura cewa tsoro da damuwa ana jin su a ciki, lura ce mai kyau, sai dai ba su tace sinadari ba, kuma faɗin haka bai rage wa harshenmu komai ba. Ƙarin gishiri irin wannan ne ke sa ɗalibin kimiyya ya ajiye littafin Hausa.

Matsalata yanzu suna ce. A wani gajeren labari da nake rubutawa, na sa wata malamar asibiti ta kira shi "ɗan aiken hanji". Da na sake karantawa sai na ga na faɗa ramin da Ivy ya faɗa, na raɗa suna da wuri ɗaya na bar ƙwaƙwalwa. "Sinadarin ƙoshi" kuma ya bar matsarmama da firgici. Wanda ke da abin da ya fi waɗannan, ina jira kafin Juma'a.