Sunan da Ya Makara: Tarihin Jira a Cutar Ƙanjamau

Bayan da aka ba da rahoton cutar a Najeriya a 1986, Bahaushe ya raɗa mata suna daga abin da ido ya gani: ƙanjamau, mai ƙanjame mutum. Sunan ya kama wutsiyar cutar ne, ya bar kanta. Daga nan al'adar jira ta kafu, a ƙasar Gwandu kamar ko'ina: muddin mutum na noma gonarsa, yana cin tuwonsa, ai lafiya lau yake. Likitoci ma sun yi irin nasu jiran. Lokacin da gwamnatin tarayya ta fara rabon magani a 2002, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a dakata sai ƙwayoyin garkuwa na CD4 sun faɗi ƙasa da 200, ko ciwo ya bayyana. Aka ɗaga zuwa 350 a 2010, sannan 500 a 2013.

Abin da ya rushe wannan al'ada shi ne gano cewa shekarun da ake zaton cutar na barci, wutar ƙaiƙayi ce: toka a sama, ci a ƙasa. Cikin makonnin farko ƙwayar cutar ke cinye ƙwayoyin garkuwar da ke tsaron bangon hanji. Bangon ya raunana, ɓurɓushin ƙwayoyin cuta ya riƙa tsiyaya cikin jini, garkuwar jiki ta tashi faɗan da ba ta sauka. Wannan kumburin ɓoye ke gajiyar da ita, yana kuma taɓa jijiyoyin jini da ƙoda da hanta. Wasu biran Afirka ta Yamma na ɗauke da 'yar'uwar ƙwayar da yawa a jini, amma ba sa ƙanjamewa, domin kumburinsu na lafawa da wuri. Gwajin magani a kan mutane ma ya nuna illar barin ƙwayar cutar ta sake: a 2006 aka tsayar da binciken SMART, ganin masu hutawa da shan magani sun fi mutuwa. A 2015 binciken TEMPRANO na Kwaddibuwa da na START suka tabbatar da ribar farawa da wuri, Hukumar ta ce a ba kowa magani da zarar an gano, Najeriya ta bi sahu a 2016.

Wani zai ce ɗora wa lafiyayye ƙwaya har abada zalunci ne, ga kuɗin mota daga Wurogauri zuwa Kalgo ko Birnin Kebbi, ga bakin mutane. A da wannan hujja na da ƙarfi, don magungunan farko na da tsada da illa. Yau ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma wanda ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Gorin ma ramewa ke jawo shi, ramewar kuwa jira ke haifar da ita. Wanda ya fara magani da ƙarfinsa, sunan ƙanjamau ba ya samun abin kamawa a jikinsa.