Haɗaɗɗiyar Warkarwa da Matsalar Damuwa a Kudancin Kano

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suna jere ne a kudancin Jihar Kano, tun daga madatsar ruwa ta Tiga har zuwa duwatsun Riruwai. Mutanen yankin manoma ne na masara da shinkafa da dawa da rake, akwai masunta a bakin Tiga, da makiyaya a gefen dajin Falgore, da fataken hatsi a kasuwanni irin na Kwanar Ɗangora. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa suna can wajen birni, a asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tafiyar da ke cin yini da kuɗin mota ga wanda ya taso daga Doguwa. Don haka wanda damuwa ta kama yakan bi ta hannun iyaye da malami da mai maganin gargajiya da mai kemis kafin ya ga likita, in ma ya gan shi. Manufarmu a wannan nazari ita ce mu auna waɗannan hanyoyi da ma'aunin ilimin da ake kira haɗaɗɗiyar warkarwa. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, yankin ba shi da ƙarancin masu ba da taimako. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin da zai haɗa su, da kuma mai zama ya saurari mai ciwon.

Ma'anar muhimman kalmomi

Da kalmar damuwa muna nufin ƙuncin rai ko fargabar da ta daɗe har ta taɓa barcin mutum da cin abincinsa da aikinsa da zamansa da jama'a. Ta bambanta da baƙin cikin 'yan kwanaki da ke wucewa da kansa, ta kuma bambanta da taɓin hankali mai tsanani, inda mutum ke jin muryoyin da babu su ko ya rabu da sanin abin da ke kewaye da shi. Saikoterafi kuwa kalmar aro ce da ke nufin warkarwa ta hanyar tattaunawa mai tsari, tsakanin mai damuwa da wanda aka horar, a zama da aka ƙayyade lokacinsa da manufarsa, bisa alkawarin riƙe sirri. Inda ta rabu da nasiha shi ne, a nasiha mai bayarwa ne ke da yawan magana, a saikoterafi kuwa mai ciwon ne. Haɗaɗɗiyar warkarwa ita ce ɗauko dabaru daga mazhabobi daban-daban na wannan ilimi a tsara su bisa fahimta guda ta halin majiyyaci. Kallon mutum ɗungurungum, wanda shi ne tushenta, yana nufin duba jiki da tunani da zamantakewa a lokaci guda, kamar yadda likitan Amurka George Engel ya tsara a 1977. A ƙasar Hausa dole a ƙara rukuni na huɗu, wato imani, domin da shi akasarin mutane ke fassara abin da ya same su.

Ire-iren haɗawa

Masana sun kasa haɗawar gida huɗu. Na farko shi ne zaɓen dabara, wanda aka san Arnold Lazarus da shi: a ɗauki duk dabarar da bincike ya nuna tana aiki ga irin wannan matsalar, ba tare da an rungumi mazhabar da ta haife ta ba. Na biyu shi ne haɗa ra'i biyu su zama ɗaya, kamar yadda Paul Wachtel ya yi a 1977 da ya daidaita mazhabar da ke tono tushen damuwa tun daga ƙuruciya da wadda ke gyara ɗabi'ar yau. Na uku shi ne mai warkarwa ya tsaya a kan mazhaba guda, yana aro daga sauran gwargwadon buƙata. Na huɗu, wanda ya fi shafarmu, shi ne neman abubuwan da duk wata warkarwa mai amfani ta yi tarayya a kansu. Jerome Frank, a littafinsa na 1961, ya nuna cewa likita da malamin addini da mai maganin gargajiya, idan aikinsu ya yi tasiri, sukan haɗu a kan abu huɗu: amana tsakanin mai ciwo da mai magani, wurin da aka keɓe don warkarwa, bayanin da mai ciwo ya gamsu da shi a kan dalilin ciwonsa, da wani aiki da za su yi tare wanda dukansu suka yarda zai kawo sauƙi. Wannan ma'auni yana ba mu damar duba zauren malami da ɗakin likita da ido ɗaya, ba tare da mun ce daidai suke a komai ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ilimin Musulunci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya jera lafiyar jiki da ta rai a littafi guda. Ya raba baƙin ciki biyu: mai sanannen dalili, kamar rashin ɗan'uwa ko dukiya, wanda ake magancewa da zance da gyaran tunani, da wanda ke saukowa ba dalili a fili, wanda ya danganta da jiki, ya ce sai an haɗa da magani. Ya kuma shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, yadda ake ajiye magani a gida don ranar buƙata. Masanin Sudan Malik Badri ya fassara sashen rai na littafin zuwa Ingilishi, ya nuna kusancinsa da hanyar gyaran tunani da Aaron Beck ya kafa a shekarun 1960.

Tushen damuwa a yankin

Za mu iya kasa abubuwan da ke jawo damuwa a nan gida huɗu. Na farko rashi da firgici: mutuwar makusanci, haɗarin mota, da abin da ƙauyukan gefen Falgore suka gani a shekarun da satar shanu da garkuwa da mutane suka yi ƙamari a dajin. Wanda aka sako bayan biyan fansa yakan dawo da jikinsa lafiya, amma ƙarar babur da dare ta isa ta hana shi barci. Na biyu matsin rayuwa: bashin taki da aka ci da rani, sai farashin masara ya faɗi da kaka. Na uku abin da ya shafi aure da haihuwa: saki, zaman kishi, rashin haihuwa, da ƙuncin da ke kama wasu mata bayan sun haihu. Na huɗu shaye-shaye, wanda sau da yawa shi kansa ƙoƙari ne na danne wata damuwar. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a faɗin ƙasar, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi yawa.

Hanyoyin da ake bi, da iyakar kowacce

Hanya ta farko ita ce gida da dangi. Zaman makoki na hana mai rashi kaɗaici a kwanakin farko. Takaba ta wata huɗu da kwana goma tana ba matar mamaci lokaci sananne na jimami. Komawa gida wankan jego na sa mai haihuwar fari a hannun uwa har ta yi arba'in. Waɗannan tsare-tsare ne masu zurfin hikima. Iyakarsu ita ce kunya da kara, da saurin cewa a yi haƙuri tun kafin a ji abin da ake haƙurin a kansa. Hanya ta biyu malamai ne, masu addu'a da ruƙiyya da rubutun sha. Suna da amanar jama'a, suna kuma ba mai ciwo ma'anar jarrabawa da fatan lada, abin da ƙwayar magani ba ta bayarwa. Matsala tana zuwa ne idan aka mayar da kowace damuwa shafar aljanu ko sammu, har mai farfaɗiya ko taɓin hankalin da magani ke kwantarwa ya shekara bai ga likita ba, ko a zargi wata kishiya da abin da ba ta yi ba. Hanya ta uku masu sassaƙe da turare, har da 'yan bori a inda suka rage. Ta huɗu asibiti, mai iya gano ciwon jiki da ba da magani, amma layinsa dogo ne, lokacinsa gajere. Ta biyar cibiyoyin gyaran hali, kamar makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru, wadda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa a zangonta na 2011 zuwa 2015, bisa tsarin haɗa raba matashi da ƙwaya da koya masa sana'a.

Misali zai nuna inda giɓin yake. Mu ɗauki mace mai 'ya'ya biyar da ta je ƙaramin asibiti ranar awo. Ba za ta ce tana cikin damuwa ba. Za ta ce gabanta na faɗuwa, kanta na zafi, jikinta ba ƙarfi, tunani ya yi mata yawa. A auna jininta, a gwada zazzaɓin cizon sauro, a ba ta farasitamol da maganin ƙarin jini. Da daddare surukarta ta kawo mata rubutun wani malami a kwano, ta turara mata ɗaki. Ba ta gaya wa ma'aikaciyar asibiti zancen rubutun ba, don kada a yi mata faɗa. Ba ta gaya wa malam zancen ƙwayar ba, don kada ya ga kamar ta raina addu'arsa. Babu kuma wanda ya tambaye ta yaushe abin ya fara, balle ya ji cewa tun watan da mijinta ya tafi cirani ya daina aike ne. Wannan mata ta bi hanya uku, amma ba a yi mata haɗaɗɗiyar warkarwa ba. Abin da aka yi gamin gambiza ne, domin kowane mai taimako ya ga ɓangare ɗaya, ita kaɗai ke ɗauke da cikakken labarin, ba wanda ya nema.

Darasi daga wasu wurare

An gwada cike irin wannan giɓi, kuma sakamakon yana rubuce. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majiyyata ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A 2020 mujallar Lancet ta buga binciken da Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan ƙananan asibitoci na ziyartar wuraren masu maganin gargajiya da na addini suna aiki tare da su. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, al'ummar Musulmi manoma, Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da matan da ke bin gidaje don kiwon lafiya su tattauna da masu ciki da masu jego bisa hanyar gyaran tunani, aka buga nasarar aikin a 2008. A Zimbabuwe kuma Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Duk waɗannan sun yi tarayya a abu ɗaya: ba su jira yawaitar likitoci ba, sun ƙara horo ne ga waɗanda jama'a ta riga ta amince da su.

Sharuɗɗan haɗawa

Daga abin da ya gabata muna fitar da sharaɗi huɗu. Na farko, kowa ya san iyakarsa. Mai maganar kashe kansa, da mai jin muryoyi, da mai faɗuwar farfaɗiya, da mai jegon da ta rikice a kwanakin farko, asibiti za a kai su ba da jinkiri ba, addu'a kuma ta bi su can. Na biyu, babu cutarwa: mari da duka da horon yunwa ba su da gurbi a warkarwa. Samamen da 'yan sanda suka kai wata cibiya a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane wasu a ɗaure, ya nuna inda rashin wannan sharaɗi ke kaiwa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare haƙƙin majiyyaci. Na uku, a horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko da ungozomomi da limamai da malaman Islamiyya mata a kan sauraro da riƙe sirri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shirin mhGAP tun 2008 don irin wannan horo. Na huɗu, a bi mutum har gida. Matashin da ya fito daga Kiru ya koma majalisar da ya bari, ba jari ba mai jan sa a jiki, yana cikin haɗarin komawa ruwa, sai in uba da liman da mai unguwa da uban sana'a sun san rawar da kowannensu zai taka.

Kammalawa

Mun ga cewa uku daga rukunan kallon mutum ɗungurungum suna da masu riƙe da su a kudancin Kano: asibiti na riƙe da jiki, malamai na riƙe da imani, dangi na riƙe da zamantakewa. Rukunin tunani, wato zama da mutum a warware abin da ke ransa daki-daki, shi ne ba shi da mai shi. Shi ne kuma mafi arha a cikinsu, domin horo da lokaci da amana yake buƙata. Idan hukumomin lafiya na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suka fara da shi, suka kuma buɗe hanyar da malami zai tura majiyyaci asibiti ba tare da jin an ƙasƙanta shi ba, to sauran sassan za su samu abin da zai ɗaure su wuri guda.