Kafin a Sauke Inji: Daga Kunnen Bakanike zuwa Kwamfuta

A garejin da ke gefen titin Zariya, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa lungunan Tarauni da Babban Giji, babu hukuncin da ya fi yi wa mai mota nauyi kamar a ce masa, "Alhaji, sai an sauke injin nan." Da zarar an kwance shi an baje sassansa a ƙasa, ciniki ya ƙare: ko a gyara a kan kowane farashi, ko a sayi wani. Shi ya sa gwanintar gane ciwon inji tun yana rufe take da daraja, kuma tana da tarihinta.

Ginshiƙin wannan ilimi ya kafu ne a zamanin Fijo. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma 504 ta zama motar ma'aikaci, ta gwamnati da ta haya. Da yake inji iri ɗaya ne ke shigowa gareji kullum, yaron da ya shekara biyar a hannun maigidansa yakan haddace muryarsa. Kayan binciken ba su wuce dogon sukundireba da gaɓoɓin jiki ba. Bakanike kan ɗora bakin ƙarfen a jikin inji, ya kara kunne a mariƙinsa. Ƙara mai kaifi daga sama yawanci bawul ne, gyaransa da sauƙi. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur, shi ne abin tsoro: mital ya cinye, kirankishaf na cikin haɗari. Sai ya dubi salansa: shuɗin hayaƙi na nufin baƙin mai na ƙonewa saboda ringi ya mutu, fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa ne ke shiga, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Idan baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko lagireto na kumfa, gaskit ake fara tuhuma.

Shirin SAP na 1986 ya sauya komai. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, hanyar Kwatano ta buɗe wa motoci 'yan gwanjo daga Turai, daga baya Amurka. Toyota da Honda suka kori Fijo daga titi. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta cika da injinan da aka ciro daga motocin ƙetare, har sauya inji ya fi gyara shi sauƙi. Nan wata ɓaraka ta shigo: wanda zai iya cewa "a sa wani" ba ya jin dole ya gano abin da ya kashe na farko. Idan kuwa famfon mai ne ko lagireton da ya toshe, sabon injin ma haka zai bi sahu.

Sauyi na uku daga Amurka ya zo. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa can tsarin OBD-II, wanda ke adana lambobin matsala, Turai ta biyo baya a 2001. Da waɗannan motoci suka iso Kano, sai aka sami sabon mai sana'a, mai "sa wa mota kwamfuta". Amfaninta babba ne, amma tana da iyaka: abin da na'urorin sansano matsala suka gaya mata take faɗa. Za ta ce silinda ta uku na tsallake wuta, ba za ta ce fulogi ne ko fistan ya fashe ba. A Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol, motoci da dama sun yi ta shaƙewa, alhali a tanki ciwon ya samo asali.

Saboda haka ƙwararren yau yana haɗa zamani uku: ya saurara, ya karanta lamba, sannan ya auna matsin kowace silinda da ƙarfin bugun mai, ya tace man ya nemi ɓurɓushin ƙarfe. Mai mota na da haƙƙin ya ga waɗannan sakamako da idonsa kafin a kwance noti ko ɗaya.